Mu Fitar da Taba Waje Kafin a Zo a Rufe Mana Shaguna

Maganar yau ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai doka a jihar Legas da ta hana shan taba sigari a wuraren aiki da wuraren taruwar jama'a masu rufi, kuma ta haura shekara 10 da kafuwa. Amma duk wanda ya leƙa gidajen kallon ƙwallo na unguwar nan ranar da Arsenal ke karawa da Chelsea, ko ya shiga wasu shagunan ɗinki da na aski da na cajin waya bayan isha'i, zai rantse cewa a wata ƙasa aka yi dokar nan, ba a Alausa ba. Ƙofa a rufe, labule a sake, fanka na juyawa, mutum 50 a kan benci, 5 na busa hayaƙi, sauran 45 na shaƙa. A cikin masu shaƙar nan kuwa har da yara 'yan shekara 12 da 13.

Matsayinmu a fili yake. Dokar nan daidai ce. Kuma mu mazauna Zangon Agege, mu ya kamata mu soma aiki da ita da hannunmu a shagunanmu da rumfunanmu, tun kafin motar hukuma ta tsaya a bakin layi ta yi mana aikin ta hanyar da ba za mu so ba.

Abin da dokar ta ce

A watan Fabrairun 2014 ne Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a dokar, aka ba jama'a wata 6 su shirya. Ta jero wuraren da ba a shan taba a cikinsu: asibitoci, makarantu, wuraren renon yara, ɗakunan karatu, gidajen abinci, kantuna, masana'antu, gidajen sinima, motocin haya da banɗakunan jama'a. Wanda aka kama karon farko, tarar naira 10,000 ce ko ɗaurin wata 3, ko a haɗa masa duka biyun. In ya sake, naira 50,000 ko wata 6. Mai wurin da bai kafa alamar hana shan taba ba, shi nasa ya fi nauyi: naira 100,000 ko wata 6. Busa hayaƙi a gaban yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa laifi ne mai zaman kansa. Hukumar kare muhalli ta jiha, wato LASEPA, ita aka damƙa wa aikin.

Bayan ta jiha akwai ta tarayya. A watan Mayun 2015, ana saura 'yan kwanaki ya miƙa mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar taba ta ƙasa, a 2019 kuma Majalisar Tarayya ta amince da ƙa'idojin aiwatar da ita. A ƙarƙashinta, mai shan taba inda aka hana zai biya tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko ya sha ɗaurin wata 6. Ta hana sayar wa yaro taba, ta hana sa yaro ya sayar, ta kuma hana sayar da sigari kara ɗaya-ɗaya, sai dai cikakken kwali mai kara 20.

Kada wani ya ce sabon abu ne. Tun 1990, zamanin Janar Babangida, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya, aka yi doka ta 20 da ta hana shan taba a ofisoshi da makarantu da motocin haya. A 2005 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Ke nan yaron da aka haifa ranar da aka fara hana abin nan, yau yana da 'ya'yansa. Kada kuma mai gidan kallo ya yaudari kansa wai ba a rubuta sunan rumfarsa a takarda ba. Wurin da jama'a ke biyan kuɗi su shiga su zauna a ƙarƙashin rufi, wurin jama'a ne, ko da kwano da langa-langa aka kewaye shi.

"Jikina ne, kuɗina ne"

Wannan ita ce amsar farko da za ka ji. To, malam, mun ji. Jikinka ne, kuɗinka ne, babu mai ja. Amma iskar ɗakin fa, ta wa ce? Goro in ka ci, haƙoranka kaɗai za su yi ja. Taba in ka kunna a rufaffen ɗaki, kowa da ke ciki ya zama mashayi, da yardarsa ko babu.

Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma wajen 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Hayaƙin da na kusa da kai ke shaƙa iri biyu ne: wanda ka fesar daga bakinka, da wanda ke tashi kai tsaye daga bakin wutar karan. Na biyun nan bai bi ta cikin audugar gindin sigarin ba sam. Wato kai da ka saya kana da ɗan mataci, shi da bai saya ba ko wannan ba shi da shi.

A cikin hayaƙin akwai iskar da ake kira kabon monoksaid. Mutanen Legas ba sa buƙatar a gabatar musu da ita, domin ita ce ke cikin hayaƙin janareto. Sau nawa muka ji an shigar da janareto cikin gida saboda ruwan sama ko tsoron ɓarayi, gari ya waye an tarar da iyali duka sun rasu? Iskar nan tana kama jinin mutum fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da wani abu, sai jini ya kasa kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa abin da suke buƙata. Ta janareto tana kashewa dare ɗaya saboda yawanta. Ta sigari tana bi a hankali, shekara da shekaru. Babu wanda zai yarda a tayar da janareto a tsakiyar gidan kallo, amma an yarda da ƙanensa.

Tun 1981 wani likita a Japan mai suna Takeshi Hirayama ya nuna cewa matan da ba sa shan taba amma mazajensu na sha sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu. A 2006 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoto cewa wanda ba ya sha amma yana zaune ko yana aiki cikin hayaƙin wasu, haɗarin ciwon zuciyarsa na ƙaruwa da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, kuma babu wani ɗan ma'auni na hayaƙin da za a ce wannan ba ya cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowace shekara mutum fiye da miliyan 1 ke mutuwa a duniya saboda tabar da ba su suka kunna ba. Ga yara, hayaƙin na tayar da asma, yana kawo ciwon huhu da ciwon kunne. Ga mai juna biyu, yana sa a haifi jariri ba nauyi.

Yanzu mu tambayi kanmu: wa ya fi daɗewa a cikin ɗakunan nan? Mai kallo ya zo ya yi minti 90 ya tafi. Wanda ke nan tun wasan farko har na ƙarshe, Asabar da Lahadi da daren Talata da Laraba, shi ne yaron da ke karɓar kuɗi a bakin ƙofa. A shagon ɗinki, shi ne ɗan koyo da ke sa maɓalli yana guga, wanda ubansa ya turo daga Kano ko Katsina ko Maraɗi ya ce ga amana. Yaron nan ba zai iya buɗe baki ya ce wa abokin maigidansa "kashe tabar nan" ba. In ya faɗa, ya yi rashin kunya. In ya fita, ya bar aiki. Dominsa aka yi dokar nan. Babba mai kuɗi in hayaƙi ya dame shi sai ya tashi ya canza wuri. Doka ita ce bakin wanda ba shi da baki.

"Ai akwai fanka"

Haba, jama'a. Fanka ba ta fitar da hayaƙi, raba shi take yi. Na bencin gaba ya samu, na bencin baya ya samu. Taga in an buɗe, wari ne ke raguwa, guba tana nan, tana kuma maƙalewa a labule da kujera da rigar da za ka koma gida da ita ka ɗauki jaririnka. Raba ɗaki ɗaya gida biyu, nan masu sha nan marasa sha, kamar a zuba gishiri a gefe ɗaya na tukunyar miya ne a ce ɗaya gefen lami ne. Magani ɗaya ne tak: a fita waje, a yi nesa da ƙofa, a sha, a dawo.

"Kasuwa za ta mutu"

Wannan ita ce damuwar masu gidajen kallo da masu shayi da masu gidajen abinci, kuma ba za mu raina ta ba, domin kowa ya san abin da kuɗin haya da man janareto ke ci a garin nan. Amma a yi lissafi. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2012 ya nuna manyan da ke busa taba ba su kai 4 cikin 100 ba, ko a cikin maza zalla ba su kai 1 cikin 10 ba. A ce ma a gidan kallonka sun ninka haka. Har yanzu marasa sha ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Kana tsoron rasa mutum 5, ba ka ƙirga waɗanda suka daina zuwa tuntuni ba: mai asma, dattijon da ba ya son ya shiga sahu da warin taba a riga, uban da ya hana ɗansa leƙowa. Su ba su yi maka hayaniya ba, ƙafa kawai suka ɗauke.

An yi wannan kukan a wasu wurare kafin mu. A ranar 29 ga Maris 2004 ƙasar Ayalan ta zama ta farko a duniya da ta hana shan taba a duk rufaffun wuraren aiki, har da mashaya, inda mutanensu suka saba zama da sigari a hannu tun kaka da kakanni. An ce ba za a bi ba. Aka bi. Sikotilan ta yi nata a 2006, Ingila a 2007. A Sikotilan, likitoci sun ƙirga waɗanda ake kwantarwa a asibiti saboda bugun zuciya kafin dokar da bayanta, suka ga sun ragu da kashi 17 cikin 100, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira ba mashaya ba ne. Ku lura da abu guda: filayen wasan da muke biyan kuɗi mu kalla a talabijin, a can ba a yarda ɗan kallo ya kunna sigari a kan kujerarsa. Mu da ke kallonsu daga Agege a cikin ɗakin kwano, mu ne muka fi su son ƙwallo har sai da hayaƙi?

Abin da zai sa mai gidan kallo ɗaya ya yi asara shi ne in shi kaɗai ya hana, na kusa da shi bai hana ba. Shi ya sa maganar ba ta mutum ɗaya ba ce. In duka suka hana rana ɗaya, ina mai shan zai je? Zai fita waje lokacin hutun rabin lokaci, ya dawo ya zauna.

"Wata hanyar takura wa Bahaushe ce"

Wannan maganar ita ce ta fi kowace nauyi, kuma muna da dalilin jin tsoro. Mun ga yadda aka yi da acaɓa. Daga 1 ga Yunin 2022 aka hana shi ɗungurungum a ƙananan hukumomi 6, ciki har da Ikeja da ke maƙwabtaka da mu, aka kwashe babura aka murƙushe, kuma kowa ya san 'yan ina ne suka fi yawa a cikin waɗanda suka rasa abin yi. Mun san yadda doka kan kwanta shekara da shekaru, rana ɗaya ta farka a kan talaka baƙo. Mun san yadda "ka karya doka" kan koma "kawo wani abu". Babu wanda zai koya mana wannan karatun.

Amma ku dubi inda hujjar ta kai mu. In mun san ana iya tayar da doka a kanmu kowane lokaci, hankali ya ce mu toshe ƙofar, ko mu bar ta a buɗe? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yau duk jami'in da ya ga dama zai iya shiga kusan kowane gidan kallo a unguwar nan ya samu laifi uku a tsaye: babu alama a bango, ana shan taba a ciki, ga yara a zaune. Ba sai ya ƙirƙiri sharri ba, mun riga mun shirya masa. Ranar da hakan ta faru, Sarkin Hausawa da dattawa za a taso cikin dare su je beli, kuma da wane baki za su yi magana? Acaɓa sana'a ce, da aka hana ta an taɓa tuwon mutane, dole a yi kuka. Fita waje da sigari kuwa bai hana kowa cin abinci ba. Kada mu ɓata kukanmu a kan abin da ba shi da mai kare shi, ranar da za mu yi kukan gaskiya a ce ai su kullum haka suke.

Kuma dokar ba ta ce Bahaushe ba, ba ta ce Bayarabe ba. Huhun da take karewa a Zango na 'ya'yanmu ne.

Masu cewa al'adar Turawa ce ake ɗora mana, su ma mu tambaye su. Wa ya taɓa kunna sigari a cikin masallaci? Wa ya taɓa busa hayaƙi a gaban mahaifinsa, ko surukinsa, ko malaminsa? Yaron kirki in ya hango babba, ɓoye karan yake yi a bayansa har ya ƙone masa yatsa. Mun daɗe da sanin akwai inda ba a shan taba, tun kafin a haifi Fashola. Malamanmu sun yi saɓani a kan hukuncin ita kanta tabar, wasu sun ce makaruhi, wasu sun ce haramun, 'yan Tijjaniyya kuwa an san ba sa kusantarta. Amma ba mu taɓa jin malamin da ya halatta cutar da wanda ke zaune kusa da kai ba. Abin da dokar ta ƙara kaɗan ne: kunyar da kake ji wa babba, ka ji wa yaro da mace da mara lafiya irinta.

Masu cewa ba za su iya daurewa ba, watan azumi ya ƙaryata su. Mutumin da ke kame baki daga asuba har faɗuwar rana, kwana 29 ko 30 a jere, shi ne zai ce minti 45 sun fi ƙarfinsa?

Shisha da teburin bakin layi

Akwai abu biyu da ba za mu tsallake ba. Na farko shisha, wadda ta shigo mana da ƙamshin tuffa da na'ana'a, har wasu iyaye na ɗauka turare ne ko wasan yara. Taba ce. Ruwan da ke cikin tulun sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya wanke shi. Ga kuma gawayi a sama yana ƙara tasa kabon monoksaid ɗin. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a zama ɗaya na shisha mutum na iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya kai na sigari 100. Baki ɗaya kuma ake zagayawa da shi, a garin da tarin fuka bai ƙare ba. Ƙasar Kenya ta haramta ta gaba ɗaya a 2017. Ɗakin shisha rufaffen ɗakin shan taba ne, ko an sa masa fitila mai launi.

Na biyu ya fi zafi, domin ya taɓa sana'ar 'yan'uwanmu. A lungunan Legas, daga Agege har Obalende da Idi-Araba, teburin da ake sayen alewa da ashana da sigari kara ɗaya, sau da yawa namu ne. Har sunan "malam" ya zama sunan teburin a bakin mutanen gari. To dokar tarayya ta hana sayar da kara ɗaya-ɗaya, kuma dalilin a bayyane yake: ɗan makaranta ba shi da kuɗin kwali, amma yana da kuɗin kara. Da kara ɗaya kowane mashayi ya fara. Kwalin ma da aka tilasta wa kamfanoni su buga hoton gargaɗi a jikinsa tun 2021, mai sayen kara ba ya ganinsa. Kuma har yau a cikinmu akwai babban da zai miƙa wa ɗan shekara 8 kuɗi ya ce "je ka sayo mini". Ka aike shi sau 100, ranar na 101 kansa zai saya wa.

Ɗan'uwa mai tebur, nawa kake samu a kan kara? Ka kwatanta da wannan: a watan Disambar 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ci kamfanin British American Tobacco tarar dala miliyan 110 saboda saɓa dokoki, ciki har da dokar taba. Kamfanin da za a yanka wa irin wannan tara ya ci gaba da harkarsa, ka san ribar ba a teburinka take kwana ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar kame kai za a jefa a mota.

Ita ma gwamnati da nata

Ba mu wanke hukuma ba. An yi doka an ajiye a aljihun tebur. Mutum nawa a Zango aka taɓa karanta wa dokar nan da harshen da yake ji? Ana son alama a bango, amma wa ya zo ya ce ga irin alamar? Dokokin biyu kuma duk sun bar ƙofa a buɗe ga manyan otal da gidajen rawa su keɓe wurin shan taba, alhali ma'aikacin da ke kai abinci wurin shi ma huhu gare shi. Muna kira ga LASEPA da ƙaramar hukumar Agege: ku zo da bayani kafin ku zo da mota. Ku zauna da shugabanninmu, ku buga sanarwa da Hausa da Yarbanci, ku ba da wa'adi. Wanda ya karya bayan haka, a kai shi kotu a ba shi rasit, kada a tsaya da shi a bayan mota ana ciniki. In an fara kame kuma, a fara daga inda manya ke shaƙatawa a Ikeja da Lekki, mu ga cewa dokar ta kowa ce.

Abin da muke nema a Zango

Amma gyaran gidanmu bai jira nasu ba. Ga abin da muke roƙo, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Muna roƙon Mai Martaba Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa su kira masu gidajen kallo, masu shayi, masu gidajen abinci, teloli da masu aski, a tsayar da rana ɗaya da kowa zai fara tare. Unguwar da ke iya sasanta rikicin kasuwa, ta haɗa kuɗin kai gawa gida cikin awa biyu, ba za ta gaza wannan ba.

Kowane mai shago ya kafa alama inda ido zai gani, da hoto, da Hausa, da boko da ajami in ya samu. Kuɗin kwali da fenti bai kai rabin kwatan tarar naira 100,000 ba. Ya ajiye benci da gwangwanin yashi a waje, nesa da ƙofa da taga.

Masu tebur su yi alkawari a tsakaninsu: ba a sayar wa yaro, ko ya ce aiko shi aka yi. Wanda ya aiko shi ya taso da ƙafarsa. Batun kara ɗaya-ɗaya kuma a san cewa laifi ne a doka, kowa ya fara neman abin da zai maye gurbinsa a teburinsa tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Limamanmu su ba maganar nan huɗuba guda, malaman Islamiyya su faɗa wa yara da iyayensu mata. Direbobinmu na manyan motoci da ke dakon shanu da kayan gwari daga Arewa su tuna cewa gaban mota ma ɗaki ne, yaron mota kuma mutum ne. Magidanta su tuna cewa a gidajen haya irin namu, ɗaki ɗaya ne falo, shi ne ɗakin kwana, shi ne inda jariri yake.

Ku kuma 'yan'uwanmu masu sha, ba gaba muke yi da ku ba. Mun san nikotin kamu yake yi, mun san da yawanku kun sha cewa daga wannan kwalin an gama. Wanda ya bari, cikin awa 12 gubar iskar nan ke sauka daga jininsa, bayan shekara 1 haɗarin ciwon zuciyarsa ya ragu da kusan rabi. Muna yi muku fatan haka. Kafin Allah ya kawo ranar, taku 10 kawai muke roƙo, daga benci zuwa waje. Wanda aka ce masa "Malam, don Allah a ɗan fita da ita", kada ya ɗauka an ci masa fuska. Wanda zai faɗa kuma ya faɗa da ladabi, amma ya faɗa.

Kakanninmu sun zo garin nan da fataucin goro da shanu, suka zauna da mutanen gari lafiya saboda an san su da tsari da jin maganar shugabanni. Wannan sunan shi ne jarinmu a Kurmi, ya fi duk abin da ke cikin shagunanmu tsada. Kada mu bari a kan karan sigari a zo a koya mana abin da tarbiyyarmu ta riga ta koya mana. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da Zango lafiya. Amin.